Yadda Ake Gyara Majinginin Jita Don Kada Ya Cinye Mata Fenti

Jita ta farko da na ga majingini ya ɓata ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma yara ne suka taɓa ta ba. Mai ita ya yi tafiyar wata biyu da bazara, ya bar ta tsaye kan majingininta a lungun ɗaki, a ganinsa ya adana ta ke nan. Da ya dawo ya zo ɗagawa, sai ya ji ta kama kamar an shafa mata gam. Ya ɗan ja ta ɓamɓaro, sai ga baƙaƙen layuka biyu a gindinta da wani tabo a bayan wuya, daidai wuraren da robar majinginin ke taɓawa. Ya sa tsumma, ya sa ruwa, ko gezau. Tabon ya riga ya shige cikin fentin.

Tun daga nan, duk majinginin da ya shigo hannuna, wanda masu shago ke kira sitan, sai na yi masa wannan aikin kafin in ɗora masa jita mai daraja. Awa ɗaya zuwa biyu ya isa, kuma yawancin kayan suna nan cikin gidanka.

Kayan da za ka tanada

Farin ƙyallen auduga zalla, kamar rabin yadi. Tsohuwar farar singileti da ta sha wanki ta fi komai. In babu, akoko ko alawayyo ya yi.

Sabon lagwanin auduga mai faɗi, irin na fitila, kamar mita biyu. In bai samu ba, farar igiyar takalmi ta auduga ko zaren saƙa mai kauri.

Allura, farin zare, almakashi da reza.

Filaya, sukundireba da ɗan guntun samfefa.

Takardar alminiyam irin ta naɗe abinci.

Tsinken auduga na goge kunne, ɗan sifirit, da ɗan asiton. Ruwan goge jan farce ya wadatar, amma ka duba jikin kwalbar ka tabbatar akwai asiton a ciki.

Man laita, wato nafta, da alli, da ashana.

Ka lura ban sa gam ko salatef a jerin ba. Da gangan ne, za mu zo kan dalili.

1. Fara sanin irin fentin da ke jikin jitarka

Ba kowace jita ce ke cikin wannan haɗari ba. Abin da ake shafa wa jita don ta yi sheƙi iri uku ne manya.

Na farko shi ne wanda masu sana'ar ke kira foli, dangin foliyesta da foliyuretan. Da zarar ya bushe ya daskare ke nan har abada, kamar siminti. Shi ne a jikin yawancin jitocin da ke kasuwa, su Squier, Epiphone, galibin Yamaha da Ibanez, har da Taylor da ke busar da nata fentin da hasken fitila na musamman tun tsakiyar shekarun 1990. Roba ba ta cika yi masa komai ba, sai dai karce, ko launin baƙin soso ya ɗan rina farar jita.

Na biyu shi ne naitiro, cikakken sunansa naitirosalulos, kuma shi ne mai rigimar. Asalinsa fentin mota ne. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi da sunan Duco a farkon shekarun 1920, masu ƙera kayan kiɗa suka ɗauka. Gibson har yau da shi take fesa jitocin da take ƙerawa a Amurka, haka manyan jitocin Martin. Fender ta yi amfani da shi a shekarun 1950 har zuwa ƙarshen shekarun 1960 kafin ta koma foli, amma tana sa shi a wasu masu tsada da kuma waɗanda ake yi su yi kama da tsofaffi, irin su Road Worn. Shi naitiro bushewa kawai yake yi idan ruwan da aka dama shi da shi ya tashi, bai taɓa daskarewa irin ta foli ba. Kamar ƙaro yake: komai daɗewarsa, in ya haɗu da abin da ke narka shi, zai yi laushi. Kuma siriri ne, kaurinsa bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba.

Na uku shalak ne, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, ana shafa shi da hannu a jikin jitocin gargajiyar Sifaniya masu tsirkiyar nailan da tsada. Ya fi naitiro ma rauni, sifirit kaɗai yana narka shi.

To yaya za ka gane naka? Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi sunan samfurin a shafin kamfanin a intanet, galibi suna rubuta irin fentin. Sai dai jitar gwanjo ba a cika yarda da sunan da ke kanta ba. Jabu sun yi yawa, wata kuma an sake fesa ta a hannun mai ita na baya. Idan kana shakka, yi gwaji a wurin da ido ba ya gani. A jitar lantarki, kwance murfin baya ko farantin gaba ka samu gefen da fenti ya shiga ƙarƙashi. A jitar da ba ta lantarki ba, sassauta tsirkiya ɗaya ka kwance maɗaurinta daga bayan kai, fentin da ke ƙarƙashinsa shi ne wurin gwajinka. Tsoma tsinken auduga a sifirit, matse shi, ka taɓa wurin na daƙiƙa goma. In ya yi danƙo nan take, shalak ne. In bai yi ba, ɗauki sabon tsinke ka gwada da asiton. Naitiro zai yi laushi ya kama audugar, foli kuwa ko a jikinsa.

Hattara da asiton. Ɗigo ɗaya in ya gangaro kan fuskar jita ya gama ɓarna, kuma yana cin farar robar da ake zagaye gefen jita da ita. Ka zuba kaɗan a murfi, ka ajiye kwalbar nesa, ka rufe sauran jikin jitar da tawul. Idan gabanka na faɗuwa, bar gwajin gaba ɗaya, ka ɗauka naitiro ne. Ba abin da za ka rasa in ka naɗe majinginin jitar foli.

2. Duba majinginin ka gano inda yake taɓa ta

Roba da ledar da ake sa wa majingini ba haka suke da laushi tun asali ba. Ana zuba musu wani sinadari mai kama da mai don su riƙa lanƙwasuwa, musamman irin robar tiyon ban ruwa da rigar wayar lantarki. Wannan sinadarin ba ya zama wuri ɗaya, a hankali yake tsattsafowa. Idan ya tarar da naitiro manne da shi, sai ya shiga ya yi masa aikin da aka sa shi ya yi wa roba, wato ya tausasa shi. Fenti ya yi laushi, nauyin jita ya danna shi, baƙin launin robar ya bi ya shige. Zafi kuma yana hanzarta abin. Abin da zai ɗauki watanni a ƙasa mai sanyi, a ɗaki mai rufin kwano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano ko Damagaram, ba ya jira haka.

Ita kanta Gibson tana gargaɗin masu sayen jitarta game da robar majingini, tana ba da shawarar a rufe ta da ƙyallen auduga mai laushi.

Ɗora jitar kan majinginin na minti ɗaya, ka durƙusa ka duba ta gefe. Majingini mai ƙafa uku yana taɓawa a hannuwa biyu na ƙasa da kuma cokalin sama, wato ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke riƙe wuya. Ɗan gajeren nan mai naɗewa yana da ƙari: wani dunƙulen roba da bayan jita ke jingina a kai, kuma shi aka fi mantawa. Akwai kuma ƙananan murafun roba a bakin ƙarafan, da 'yar igiyar roba da ake tare wuya da ita. Sa alamar alli a jikin majinginin duk inda ya taɓa ko ya kusa taɓawa.

Mafi muni a cikin waɗanda nake gani su ne na gida, waɗanda mai walda ya haɗa da rodi sannan aka zura musu tiyo ko aka naɗe su da robar tayar keke. Ƙarfen ba shi da laifi, sau da yawa ma ya fi na kanti ƙwari. Naɗin ne matsalar.

Wasu kamfanoni suna yin majingini don naitiro musamman. K&M na Jamus, misali, yana da masu robar da ba a sa wa launi ba, da masu ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi. In ka samu irinsu, madalla. Ni dai ko kwali ya ce ba ya cutar da fenti, sai na sa ƙyalle, domin roba tana canja hali idan ta tsufa ta sha zafi, kuma ba kowane naitiro ne haɗinsa ɗaya ba.

Ga wata dabara idan kana son ganin halin robarka da idonka. Jan farce da naitirosalulos ake yin sa. Shafa marar launi sau uku a kan guntun katako, bar shi ya bushe mako guda, sannan ka ɗaure shi da zare jikin robar ka ajiye a wuri mai ɗumi mako biyu. In ya kama ko ya yi baƙi, ka samu amsa. In bai yi ba, kada ka saki jiki, wata robar sai ta daɗe take nuna hali.

3. Shirya ƙyallen

Abu biyu ake nema: ya zama auduga zalla, kuma babu rini, babu sitaci a jikinsa.

Yadin kasuwa da yawa gauraye yake da roba ko da mai shago ya rantse. Yanki ɗan ƙarami ka riƙe da filaya ka kunna masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, warinta ma irin na takarda ne, ta bar toka mai laushi. Mai roba narkewa yake yi ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Haka za ka gwada lagwanin da igiyar takalmin.

Sabon yadi a wanke shi sau biyu da ruwan zafi, a ɗauraye sosai har sabulu ya fita, kada a sa bula, kada a sa sitaci, kada a sa turaren wanki. Shadda ba ta yi ba saboda abin da ake sa mata ta yi sheƙi. Atamfa da duk wani mai launi ma a bar su, zufa da zafi suna sa rini ya zuba. In singileti ce mai rubutu ko zane a gaba, yanke wurin ka yar, domin shi wannan zanen leda ce, ita ce kuma abin da muke gudu. Safa ana yawan amfani da ita don sauƙi, a zura kawai a wuce, amma yawancin safa akwai zaren roba a ciki, musamman a baki. Don kwana ɗaya ba laifi.

Yanka ƙyallen tsiri-tsiri, faɗin yatsu biyu zuwa uku, tsawon kamu uku ko huɗu. Bar shi ya bushe ƙayau kafin ka fara.

4. Cire robar gaba ɗaya

A nan ne nake saɓawa da mutane da yawa. Abin da aka saba shi ne a yafa ƙyalle kan robar a ce an gama. Ƙyalle ɗaya siriri ba ya tare mai. Ka tuna yadda ƙosai ke jiƙa takardar da aka naɗe shi. Sinadarin zai ratsa a hankali, kuma ranar da ƙyallen ya zame ba ka lura ba, an koma gidan jiya. In dai robar tana ciruwa, cire ta.

Tsaga ta da reza a tsaye, kana tura rezar nesa da jikinka, ka ɓare ta kamar rake. Ragowar gam da ya manne a ƙarfe ka goge shi da man laita. In akwai tsatsa, bi ta da samfefa, haka duk wani kaifi da walda ta bari, musamman a bakin rodi. Shafa yatsa ka ji, duk inda ya karce ka zai huda ƙyalle wata rana.

Idan ka ga sai ka yi wa ƙarfen fenti saboda tsatsar damina, yi, amma ka bar shi a inuwa mai iska aƙalla mako guda, har sai ka shinshina ba ka ji warin tina ba. Ɗanyen fenti a ƙarƙashin naɗi ya fi robar da ka cire illa.

Robobin ƙafafu na ƙasa kuwa ka bar su. Ba sa taɓa jita, kuma su ke hana majinginin zamewa a kan tayil.

5. Naɗi

Hawa biyu ake yi, na ciki don laushi, na waje don tsabta.

Fara da lagwani. Ɗora bakinsa a tsaye jikin ƙarfen, ka naɗe kansa da zagaye biyu na farko don ya kame kansa, sannan ka ci gaba da zagayawa kana ja da ƙarfi, kowane zagaye yana hawa rabin na baya. Ka wuce inda ka sa alamar alli da yatsa biyu ta kowane gefe, saboda ba kullum ake ajiye jita daidai wuri ɗaya ba. In ka kai bakin ƙarfen, lanƙwaso lagwanin ya rufe bakin ruf, ka dawo baya zagaye uku, ka ɗinke. Danna da babban yatsa. In kana jin taurin ƙarfe, ƙara hawa ɗaya. Jitar lantarki irin Les Paul tana kai kilo 4 ko fiye, duk nauyin nan kuwa a kan wurare biyu 'yan ƙanana yake sauka, don haka hannuwan ƙasa su fi samun kauri.

Sai ƙyallen. Naɗe shi kan lagwanin ta ɗaya hannun, wato in ka naɗe na farko ta dama, wannan ka bi ta hagu, don kada su warware tare. Ninke gefen da aka yanka ya shige ciki saboda zare kada ya riƙa fita. Hawa biyu ya isa. Ɗinke ƙarshen da allura, kuma ka tabbata ɗinkin da ƙullin suna ta ƙasa ko ta baya, inda jita ba ta taɓawa. Ƙulli ɗaya mai tauri a ƙarƙashin jita mai nauyi yana barin rami a naitiro kamar an danna da farce.

Dalilin hana gam da salatef ke nan. Baƙin salatef na masu gyaran wuta da irin ledar nan ake yin sa, gam ɗinsa kuma yana narkewa da zafi ya ratso ƙyalle. Na ga wanda ya cire roba tsaf, ya naɗe da auduga mai kyau, sannan ya ɗaure bakin da salatef. Daidai wurin salatef ɗin tabon ya fito. Robar ɗaure kuɗi ma haka.

A cokalin wuya kada ka cika kauri. Gwada sa wuyan jitar bayan hawa na farko. Ya kamata ya shiga ya fita ba tare da gogar gefe ba. Idan majinginin irin mai rufe kansa ne da zarar an ɗora jita, kada ka naɗe gaɓoɓin da ke motsi. Ɗinka musu 'yan riguna daban-daban kamar safar yatsa, sannan ka gwada sau goma ka ga yana rufewa yana buɗewa.

Dunƙulen da baya ke jingina a kai, ninke ƙyalle huɗu ka yi masa hula, ka tsuke ta baya da zare.

Wasu sun fi son fata, kuma ta fi kyan gani, ta fi daɗewa. Sharaɗin shi ne ta zama jimar gargajiya ta bagaruwa, fara yadda ta fito daga hannun majema, ba a rina ba, ba a shafe ta da mai ba. Jar fata da baƙa suna zubar da launi. Fatar kanti ta jaka da kujera kuwa, wata jimar sinadari ce aka fesa mata fenti, wata ma leda ce zalla. In za ka kai wa baduku ya ɗinka, gaya masa kada ya sa gam, ɗinki kawai. Ni ko da fata nakan ɗora siririn ƙyalle a kai idan jitar fara ce.

6. Idan robar ba ta ciruwa

Wani majinginin robar ce jikinsa, in ka cire ba abin da ya rage. Wani kuma na aro ne ko na ɗakin ɗaukar sauti. A nan sai a sa shamaki. Goge robar da ɗanyen tsumma ta bushe, naɗe ta da takardar alminiyam hawa biyu ba tare da ta yage ba, sannan ka bi da ƙyalle hawa huɗu. Mai ba ya ratsa alminiyam. Sai dai tana yagewa da amfani, don haka duk wata uku ka kwance ka duba.

In kuwa wurin biki ka je aka miƙo maka majinginin da ba ka sani ba, farin hankici biyu a aljihun jakar jita sun isa. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a wuya. Sa'o'i kaɗan ba sa kai wa ga ɓarna in akwai ƙyalle a tsakani.

7. Gwada tsayuwa kafin ka saki hannu

Wannan matakin kada ka tsallake shi. Roba tana kama jita, auduga kuwa santsi gare ta. Ka magance tabo, amma ka ƙara yiwuwar zamewa, kuma karyewar kai ta fi tabo ciwo nesa ba kusa ba. Jitocin Gibson, da kansu ya lanƙwasa baya kuma itacen wuyansu mahogani ne, an san su da karyewa a daidai nan in sun faɗi.

Shimfiɗa katifa ko bargo a gaba. Ɗora jitar, hannunka na kusa, ka ɗan tura ta ta dama, ta hagu, ta gaba. In gindinta na zamowa gaba, lanƙwasa bakin hannuwan ƙasa su ɗan kalli sama, ko ka ƙara naɗi a bakinsu ya yi gammo. Daidaita tsayin cokalin ya kama wuya ƙasa da kai, kada ya taɓa maɗauran tsirkiya. A madadin igiyar robar da ka cire, ɗaura farar igiyar takalmi a gefe ɗaya, ka yi mata madauki da za ka riƙa saƙalawa a ɗaya gefen.

Maratayin bango ma haka ake naɗe shi. Ƙarin abin lura a nan shi ne bangon kansa: kafa shi da sukuru mai tsawo a cikin bulo, ka rataya abu mai nauyin jitar sau biyu ya kwana kafin ka amince, sannan ka manna ƙyalle ko guntun bargo a bangon daidai inda gindin jitar zai iya bugawa. Kada ka zaɓi bangon da rana ke duka ta waje da yamma.

8. Kulawa bayan an gama

Naɗin auduga yana tara ƙura, ƙurar hunturu kuwa yashi ce mai laushi. In ta taru a ƙyalle, kullum ka ɗora jita kamar ka goga mata samfefa ne. Kaɗe naɗin da buroshi duk mako, in ya yi dauɗa kwance hawan waje ka sa sabo. Jita mai fentin da ba ya sheƙi ta fi nuna wannan, wurin gugar sai ya fara ƙyalli shi kaɗai.

Ka riƙa goge zufa daga wuya da baya kafin ka ajiye. Cire igiyar rataya a kafaɗa in ta leda ce, kada ta kwana manne da jikin jita. Haka ɗan na'urar saita tsirkiya da ake maƙalawa a kai, akwai roba a bakinta, gama saiti ka cire. Wayar lantarki kada a naɗe ta a wuyan majingini tana taɓa fenti. Kujerar leda ma ba wurin jingina jita ba ce. Turaren fesawa akwai sifirit a ciki, man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET kuwa yana narka fenti da roba, ka wanke hannu kafin ka ɗauki jita.

Majingini na ajiyar sa'o'i ne, ko kwana ɗaya zuwa biyu. In za ka yi mako ba ka kaɗa ba, sa ta a akwatinta. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, da hunturu kuwa a Arewa takan faɗi ƙasa da 20. Itace yana tsukewa, naitiro ya yi tsaga-tsaga kamar gashi, babu naɗin da zai hana wannan sai akwati da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwanin sabulu mai huji, an matse shi sosai, ba ya taɓa jikin jitar.

Idan ta riga ta kama

Ɗauke ta daga majinginin, kada ka goge wurin, kada ka danna da yatsa don ka ji ko ya yi laushi. Kwantar da ita kan farin ƙyalle ta yadda tabon ba ya taɓa komai, a ɗaki mai iska, mako biyu zuwa huɗu. Sau da yawa fentin yana komawa ya yi tauri da kansa.

Bayan nan ɗiga man laita a ƙyalle mai laushi ka shafa a hankali. Nafta ba ta narka naitiro, tana ɗauke maiƙo da ragowar roba, amma tana kama wuta, don haka a waje, nesa da risho. Kada ka sa fetur, tina, sifirit ko asiton. Man goge kujera da na goge gaban mota ma a bar su, yawancinsu akwai silikon a ciki, wanda ke shiga tsagar fenti ya hana sabo kamawa in an zo gyara daga baya.

In abin da ya rage dusashewa ce kawai, man goge jita marar silikon da ƙyalle za su dawo da sheƙin. In launi ya shige ciki ko wurin ya lotsa, tsaya nan. Masu gyara suna bi da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 1500 zuwa 2000, su ɗiga sabon naitiro ya narke ya haɗe da tsoho, su jira makonni kafin su goge. Wanda bai saba ba, shafa biyar ta isa ya huda fentin ya tarar da itace, garin neman gira a rasa ido. Tsohuwar jita mai daraja kuwa, masu saye sun fi son ta da tabonta a kan a ce an sake fesa ta, don haka in tabon a gindi yake inda ba mai gani, naɗe majinginin ka ci gaba da kiɗanka.